Shukar da na dasa a akwatin kifi tana ruɓewa, ruwan kuma ya koma kore

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana 16 da na haɗa akwatin gilashina na farko, mai cin lita 60, a nan Kaduna. Hotunan aikin Takashi Amano, mutumin Japan ɗin nan da ya rasu a 2015, su suka ja ni: ga dutse, ga kututture, ga ciyawa shimfiɗe kamar fadama a tsakiyar damina, duk a cikin gilashi. Na ce ni ma sai na taɓa. Na wanke yashin rafi na zuba, na jera duwatsu uku da wani busasshen itace. Na sayi shukokin ruwa, Anubias huɗu da Vallisneria mai dogon ganye, na binne su sosai don kada su taso. Washegari na saki guppy takwas, ƙananan kifin ado.

Yanzu ruwan ya zama kamar miyar kuka, gilashi duk gansakuka, gindin Anubias biyu ya yi laushi yana wari, kifi uku sun mutu. Fitila tun asuba nake kunnawa sai bayan isha'i, akwatin kuma yana jikin taga. Uwargida har ta fara cewa in kwashe in zuba tarwada, ko banza a yi farfesu. Ina na kuskure?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam. Malam, da hannunka ka kashe Anubias ɗin nan, amma kada ka damu, ni ma haka na yi wa nawa na farko. Wannan kaurin jijiyar da ke kwance, wadda ganye ke fitowa daga jikinta kamar citta, ba a binne ta. Shukar tamu ce ta Afirka, daga dazuzzukan kudancin Najeriya da Kamaru, kuma a can a jikin dutse da itace take maƙalewa a bakin rafi, cikin inuwa. Tono su yau, ka yanke inda ya ruɓe da reza har ka kai wuri mai tauri, ka ɗaure sauran a jikin itacen da zaren ɗinki. Bayan 'yan makonni saiwa za ta kama da kanta. Vallisneria ita ce mai son yashi, ita ma saiwar kawai, farin wuyanta ya zauna a waje.

Fitila kuwa ka yi ɓarna. Awa 14 ga hasken taga, ai gansakuka kake nomawa. Mayar da ita awa 6, ka janye akwatin daga taga. Koren ruwan, lulluɓe akwatin da bargo kwana uku ba haske ko kaɗan, shukokin za su jure.

Mai Tarwada:
Ni ban san harkar ado ba, tarwada nake kiwo, amma mutuwar kifi na san ta. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama ammoniya, guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke zama a soson matata, wato injin tace ruwan akwatin, suna mayar da ita nitrite, sannan nitrate wadda shuka ke sha. Kafin su taru sai an yi mako huɗu zuwa shida, kai kuma kwana ɗaya ka ba su. Tunda kifin na ciki, canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk bayan kwana biyu, abinci sau ɗaya a rana, ɗan abin da za su cinye cikin minti biyu. In ruwan famfo ne bar shi ya kwana a bokiti saboda kilorin. Soson kuma a tsohon ruwan akwatin ake matse shi. Ka gaishe da uwargida, tana da gaskiya a kan farfesu.

Maman Biyu:
Ƙanina, nemi kainuwa ka sa biyu ko uku a sama. Kyauta ce a kududdufi, tana shanye dattin da gansakuka ke ci, 'ya'yan guppy kuma suna ɓuya a gashin saiwarta. Sai dai ka ajiye ta mako guda a wani bokiti tukuna, ni tawa da ƙwan dodon koɗi ta zo min, har yau ina tsince su.

Tsohon Hannu:
Hajiya, kainuwa na da kyau, amma in ta samu wuri rufe saman take yi gaba ɗaya, Vallisneria ta rasa haske. Sai ya riƙa ragewa duk mako. Na manta ban tambaya ba: duwatsun nan daga ina? Ɗiga musu ruwan khal, in sun yi kumfa akwai farar ƙasa a jikinsu, za su riƙa ƙara wa ruwan nauyi, wato farar ƙasar ta riƙa narkewa a ciki.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Na tono Anubias ɗin, biyu lafiya lau, ɗaya na ceto rabinta, ɗayar ta tafi. Duwatsun ba su yi kumfa ba. Bargon uwargida na ara, ban dai faɗa mata na mene ne ba. Saura tambaya ɗaya: in aka ɗauke wuta tun dare har azahar matatar ta tsaya, bakteriyar nan mutuwa suke yi, ko in nemi ɗan injin iska mai batir?