Wai Hidilyn Diaz ta daina ɗaga ƙarfe ne? Ban ga sunanta a Faris 2024 ba

Ummin_Haidar:
Salam 'yan uwa. Dan Allah masu bin wasannin Olamfik ina da tambaya kan matar nan 'yar ƙasar Filifin mai ɗaga ƙarfe, Hidilyn Diaz, wadda ta ci zinare a Tokyo. Ƙanwata ce ta turo min bidiyonta a WhatsApp, inda ta saki ƙarfen ya faɗi ta fashe da kuka, wallahi har ni sai da na ji ƙwalla. Abin da ya ɗaure min kai shi ne an ce da kilo ɗaya tak ta doke 'yar Chaina, ya ake wannan lissafin? Sannan na duba waɗanda suka yi gasar Faris babu ita, ritaya ta yi ko rauni ta ji ko cire ta aka yi?

Baban_Jim:
Wa alaikis salam Hajiya. Lissafin ba wuya. Ɗagawa iri biyu ce, ta farko ana ce mata sinach, fizga ɗaya za ki yi daga ƙasa har sama da kai ba tsayawa, ta biyu kilin-an-jak, ki fara kawo ƙarfen kan kafaɗa ki miƙe tsaye sannan ki cilla shi sama ki riƙe har alƙalai su ba da alama. Kowace sau uku ake ba mutum dama, sai a ɗauki mafi nauyi a nan da mafi nauyi a can a haɗa.

Ranar 26 ga Yulin 2021 a ajin kilo 55, wato na matan da nauyin jikinsu bai wuce kilo 55 ba, ita da Liao Qiuyun ta Chaina duk 97 suka ɗaga a sinach, kin ga kunnen doki ke nan. Da aka zo ta biyu sai suka dinga bin juna, Liao ta sa nauyi ta ɗaga, Hidilyn ta ƙara kilo ɗaya a kai ta ɗaga, har Liao ta rufe da 126, jimillarta 223. To a nan ne ƙa'idar ta yi aiki, in aka yi daidai wadda ta fara kaiwa jimillar ita ke ci, wato ko Hidilyn ta ɗaga 126 azurfa za ta samu, dole sai 127. Kuma damarta ta ƙarshe ce, ba wata bayanta. Ta ɗaga, jimilla 224, sabon tarihi a Olamfik. Ki ƙiyasta buhun shinkafa biyu da rabi har da ɗan ƙari a saman kan macen da ita kanta ba ta wuce kilo 55 ba. Kuma Liao ba ƙaramar 'yar wasa ba ce, ita ke riƙe da tarihin duniya a ajin a lokacin.

Filifin tun 1924 suke zuwa Olamfik ba su taɓa cin zinare ba sai ranar, shekara 97, shi ya sa kika ga kukan ya yi yawa haka.

Zee_Funtua:
Anti ni abin da ya fi burge ni ba Tokyo ba ne, abin da ya faru kafin Tokyo ne, mutane suna ganin bidiyon minti ɗaya su ɗauka haka ta faɗo daga sama. An haife ta 1991 a Zamboanga can kudancin ƙasar a tsibirin Mindanao, ita ce ta biyar cikin 'ya'ya shida, babanta direban babur mai ƙafa uku ne daga baya ya koma noma da kamun kifi. Wani ɗan uwanta ne ya fara koya mata tana yarinya, kuma ba ƙarfen gaske suke da shi ba, siminti ake zubawa a gwangwani a soka bututu a tsakiya shi ke nan an samu abin ɗagawa.

Ta je Beijin 2008 tana shekara 17 ta ƙare kusan ta ƙarshe a ajinta. Ta je Landan 2012, ita ce ma ta riƙe tutar ƙasarsu ranar buɗe gasa, sai ta kasa ɗaga 118 har sau uku a kilin-an-jak, wanda a wasan nan in ka faɗi duka ukun ba ka da jimilla kwata-kwata, kamar ba ka zo ba. Ki duba wannan kunyar, duk ƙasa ta zuba miki ido ki koma gida ba ko maki. Da yawa a nan suke ajiye wasan. Ita sai ta rage jiki ta sauko daga ajin 58 zuwa 53, ta ci tagulla a gasar duniya ta 2015 a Houston, sannan a Rio 2016 ta ci azurfa da jimillar 200, ita ce mace ta farko a ƙasar da ta taɓa samun lamba a Olamfik, kuma rabonsu da lamba tun ɗan damben nan Velasco a 1996.

Dan_Gwandu77:
Ba na ƙin ta amma a faɗi gaskiya, azurfar Rio akwai sa'a a ciki. Li Yajun ta Chaina ce ta faɗi duka ɗagawarta uku a kilin-an-jak, ba don haka ba tagulla Hidilyn za ta tashi da ita. Kuma wanda ya gyara ta kafin Tokyo ai ɗan Chaina ne, Gao Kaiwen, to da iliminsu ta doke su.

Baban_Jim:
Malam ban yarda da kai a na farkon ba. Zaɓen nauyin da za ka iya ɗagawa rabin wasan ne, wanda ya sa abin da ya fi ƙarfinsa ya faɗi ba za a ce abokin karawarsa ya ci da sa'a ba, in haka ne ita ma abin da ya same ta a Landan sai mu ce rashin sa'a ne kawai, alhali darasi ta ɗauka a can. Maganar koci kam gaskiyarka, Gao ya yi aiki, amma ba shi kaɗai ba ne, akwai Julius Naranjo mai kula da ƙarfin jiki, da mai tsara mata abinci, da likitar da ke kula da nutsuwar zuciyarta, su ne ake ce wa Team HD. A wasan da kilo ɗaya ke raba zinare da azurfa, abin da ka ci da daddare da yadda ka yi barci duk suna cikin lissafi.

Maman_Twins:
Ni abin da ke ci min rai a labarinta shi ne wahalar da ta sha bayan ta riga ta kawo wa ƙasarta lamba. A 2018 ta ci zinare a wasannin Asiya a Jakarta, amma a 2019 sai da ta fito a Instagram tana neman kamfanoni su taimaka mata da kuɗin shirin Tokyo, kuma a shekarar ne kakakin fadar shugaban ƙasa ya nuna wani jadawali na mutanen da wai suke ƙulla kifar da shugaban ƙasar na lokacin Duterte, har da sunanta a ciki, ta fito ta ce ba ruwanta, aka yi ta zaginta a intanet. Matar da ke aikin sojan sama fa. Sai korona ta zo ta ritsa da su a Maleshiya farkon 2020, aka rufe wuraren atisaye, ta koma rataya manyan gorunan ruwa a jikin sandar gora tana ɗagawa, daga baya suka samu gida a Jasin cikin jihar Malaka suka mai da wajen ajiye mota wurin atisaye, fiye da shekara ba ta ga iyayenta ba. Da ta ci zinare kowa ya fito da kyauta, gwamnati peso miliyan 10, attajirai gidaje da kuɗi, to ina ma rabin wannan ya zo lokacin da take roƙo.

Zee_Funtua:
Au Anti ba a ba ki amsar Faris ba. Ba ritaya ba ce ta hana ta kuma ba korar ta aka yi ba. Bayan Tokyo ta auri Julius ɗin nan a Baguio ranar 26 ga Yulin 2022, shekara ɗaya cif da zinaren, a Disambar shekarar ta ci gasar duniya a Bogota a ajin 55. Matsalar ita ce an rage ajujuwan mata daga bakwai zuwa biyar a Faris, aka soke 55 gaba ɗaya, ya rage ko ta rame zuwa 49 ko ta hau 59, ta zaɓi 59, kuma doka ta ce ƙasa ɗaya mutum ɗaya a kowane aji. A can akwai wata matashiya 'yar ƙasarsu Elreen Ando, a gasar ƙarshe ta neman gurbi a Phuket ta Tailan cikin Afrilun 2024 Ando ta haɗa 228 ita kuma 222, shi ke nan gurbin ya zama na Ando. A wannan ajin ne ma Rafiatu Lawal ta Najeriya ta fafata a Faris.

Ummin_Haidar:
Allah ya saka muku da alheri, na gane yanzu. Wato 'yar gida ce ta karɓe wurin, kuma 222 a shekara 33 a ajin da ba nata ba ai ba ƙaramin abu ba ne. Yaya Zee yanzu ita ke koyar da yara ko?

Zee_Funtua:
E, tun bayan Rio ta gina wurin atisaye a unguwarsu Mampang don yaran wajen, yanzu kuma ita da mijin suna da wani a garin Jalajala a lardin Rizal inda suke horar da ƙanana, maza da mata.