Yashi-yashi a hotunan dare: laifin kyamara ne?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum. Hotunan da nake ɗauka bayan magariba duk suna fitowa da ɗigo-ɗigo kamar an watsa musu yashi, musamman wajen inuwa, har da ja da kore a jikin baƙar riga. Da rana kuwa tas suke. ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a kyamara, na kan 6400. Kyamarar ce ta lalace?

Tsohon Mai Hoto: Wa alaikumus salam, ƙanena. Lafiyarta ƙalau, ƙarancin haske ne. Shi haske ba ya sauka a sensa, wato farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, daidai wa daida, wani gurbi ya samu da yawa, na kusa da shi kaɗan. Idan hasken ya wadata, ba a ganin bambancin. Idan ya yi ƙaranci, sai ISO ya ƙara wa ɗan abin da ya shigo ƙarfi, dattin ma ya fito fili. Mutane suna ɗora wa ISO laifi, ni ban yarda ba. Buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8, ka rage saurin ɗauka zuwa 1/60 na sakan, sannan ka sauko da ISO.

Hajiya Mai Kyamara: Gaskiya ne, Malam. Amma fa kada ka ɗauka da duhu ka ce za ka haska shi a kwamfuta, nan yashin ya fi muni. Ƙaramin sensa, irin na waya, ya fi fama da shi. Zafin sensa ma na jawo shi a doguwar ɗauka.

Sabon Hannu: Na gode ƙwarai. To, a 1/60 hannuna ba zai girgiza hoton ba?