Sirrin Majinyaci: Shawarwarin da Aka Tattara

A tattaunawar da wasu likitoci da ma'aikatan jinya suka yi kan riƙe sirrin majinyaci, an fi daɗewa a kan batun dangi. A wurinmu mara lafiya ba ya zuwa asibiti shi kaɗai. Ga uwar miji, ga yaya, kowa na jira likita ya fito a tare shi da "Likita, me ke damunta?" Shawarar da ta rinjaya ita ce a fara keɓewa da majinyacin, a tambaye shi wa ya yarda a faɗa wa, ko da wani ne ya biya kuɗin magani. Ni ma ina goyon bayan wannan shawara, domin sakamakon gwajin ƙanjamau in ya faɗa kunnen da bai dace ba, ya isa ya kashe aure.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ta hana fitar da bayanan majinyaci, sai a wasu yanayi kaɗan, kamar rubutacciyar yardarsa, ko umarnin kotu, ko idan ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin haɗari. Shi ya sa ake sanar da hukuma zazzaɓin Lassa da kwalara.

Sai ƙananan abubuwa: a rage murya inda labule kaɗai ya raba gadaje, kada a bar fayil buɗe a kan tebur, kada a tura hoton sakamako ta WhatsApp da sunan mai shi. Magidancin da ya ƙi faɗa wa matarsa cutar da za ta iya ɗauka kuwa, a lallashe shi, a yi masa tayin zama da su biyun.