Altaneta, caja ko dainamo: wane suna za mu tsayar?

Jama'a, assalamu alaikum. Ina so mu haɗu mu tsayar da kalma guda ga abin nan na cikin mota da Bature ke kira alternator. Bari in fara da abin da ya tayar min da zancen.

Makon jiya na taso daga Wudil zuwa Kano a motar haya, bayan an idar da sallar magariba. Duhu ya sauka har ba ka bambance akuya da tarin yashi a bakin titi, amma direbanmu bai kunna fitila ba. Ina gaba kusa da shi, na ce, "Malam direba, fitila fa?" Ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Batir ɗina ya kwana biyu, lallaɓa shi nake yi. In na kunna tun yanzu zai shanye." Sai da muka kusa hawa kan wani mai tura baro, mata a baya suka ɗauki salati, sannan ya murɗa makunnin.

Bawan Allahn nan bai yi niyyar ganganci ba. A saninsa mota kamar tocila take: wuta a batir take, kana haskawa tana raguwa. Kuma ban ga laifinsa sosai ba, domin batir yana da suna a bakin kowa, amma abin da ke samar da wutar ba shi da sunan da ke faɗin aikinsa.

Ga yadda abin yake. Babban aikin batir shi ne ya juya sitata ya tayar da inji, aikin daƙiƙa biyu ko uku, amma mai jan wuta sama da amfiya 100 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ake ja ce). Da zarar inji ya tashi, bel ya fara juya wannan abin da muke nema wa suna, shi ke ɗaukar nauyin fitilu da rediyo da fanka da komai, kuma ya mayar wa batir abin da sitata ta kwasa. Wani mai gyaran wayar mota ya taɓa nuna min da mita: ya ɗora jan baki da baƙin baki a kan batir, inji a kashe, mita ta nuna bolt 12.5. Ya ce in tayar. Nan take ta haura 14.1. Ya ce in kunna manyan fitilu. Ta ɗan motsa kaɗan ta tsaya a wajen 14. Ya ce, "Ka gani? Batir hutawa yake yi yanzu."

Lissafin ma ba shi da wuya. Ƙwan babbar fitila na yau da kullum wat 55 ne, biyu sun zama 110. Ƙara ƙananan fitilun gaba da baya da ta lamba, masu wat 5 kowace, ka raba jimlar da bolt 12 na batir, ka tashi da wajen amfiya 11. Shi kuwa wannan abin, a ƙaramar mota, yana iya ba da daga amfiya 70 zuwa sama da 100. Inda fitila ke kashe batir shi ne in an kashe inji an bar ta a kunne. Batir mai amfiya-awa 60 (ma'aunin yawan cajin da yake riƙewa), a takarda zai yi wajen awa biyar, amma tun kafin nan ya rasa ƙarfin juya sitata, tsoho ma awa biyu na iya kwantar da shi. Kuma batirin mota ba ya son a zuƙe shi tas. In an maimaita masa haka sau da yawa, ba ya sake riƙe caji kamar da.

To, sunan. Na tambayi mutane da dama, ga abin da na samu.

Masu sayar da kayan gyara a Ƙofar Ruwa da Panteka, altaneta suke cewa. Ta zauna a baki, ba ta da nauyi, kuma ba ni da ƙyamar aro, ai batir da sitata da giya duk aro ne. Matsalarta kawai ba ta gaya wa direban Wudil komai. A Turanci ma asalinta bayanin irin wutar da abin ke haifarwa ne, mai kai da komo, wadda sai ta bi ta wasu ƙananan na'urori a cikinsa sun miƙar da ita kafin ta shiga batir. Wannan zancen masu ilimin lantarki ne, direba ba ruwansa.

Wasu makanikai caja suke cewa. Wannan ce na fi jin tsoro, duk da cewa tana da rabin gaskiya. Wanda ya ji caja, cajar waya zai tuna: a cika batir, a zare, a ci gaba da amfani da abin da ke ciki. Wato dai mun koma tunanin tocila, mun ƙara masa ƙarfi.

Wani dattijo, tsohon direban babbar mota, ya ce a zamaninsu dainamo ake cewa, kuma raina ya so wannan. Duk wanda ya taɓa hawa keke mai dainamo ya san hoton: ƙaramar kwalbar ƙarfe ta jingina da taya, kana taka feda fitila na ƙara haske, ka tsaya ta mutu. Babu misalin da ya fi wannan nuna cewa juyi ke haifar da wuta. Sai dai abu biyu. Dainamo a mota wani abu ne daban, shi aka yi amfani da shi kafin altaneta ta karɓe wurin daga shekarun 1960, kuma rauninsa shi ne ba ya ba da wutar kirki in inji na tafiya a hankali. Ina zaton ma daga can tsoron kunna fitila ya samo asali, ya bi bakin iyayen gida zuwa yaran mota har ya iso yau. Na biyu, yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin dainamon keke ba.

An kawo uwar wuta, an kawo rijiyar wuta, wani malamin makaranta ya ce matatsar lantarki. Rijiyar wuta ta yi daɗi in ana bayani, batir randa, wannan kuwa rijiya. Amma ku yi tunanin mutum ya shiga shago ya ce a ba shi rijiyar wuta ta Golf. Kallonsa za a yi.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne janaretan mota.

Babu wanda ke zaune a ƙasar nan da bai san janareta ba. Kowa ya san muddin yana aiki akwai wuta, ya san mai yake sha, ya san in an ɗora masa kaya yana ƙara gurnani. Duk waɗannan gaskiya ne a mota. Kunna fitila inji na tafiya, ɗan fetur kaɗan yake ƙara ci, batir na zaune lafiya. Kuma a wajen masana ma sunan bai karkace ba, domin altaneta nau'in janareta ce, injin motar ne kawai ke juya ta.

Wani ɗan'uwa ya ƙalubalance ni, ya ce ai ya sha ganin fitila ta dushe a cikin cunkoso, mota na tsaye inji na aiki. Gaskiyarsa. In inji na juyawa a hankali, ga na'urar sanyaya mota, ga fitilu, ga fanka, ga wani ƙaton ƙwai mai wat 100 da aka sa a maimakon na 55, janaretan kan kasa, sai batir ya riƙa cike giɓi. Haka nan in bel ya saki. To amma ku lura, da wannan sunan bayanin ya zo da kansa: kaya sun yi wa janareta yawa. Kowane mai shago ya san wannan magana.

Ga kuma jar alamar nan mai siffar batir da ke fitowa a gaban direba. Hoton batir ne, shi ya sa mutane ke rugawa su sayi sabo. In ta kama mota na tafiya, galibi cewa take janaretan ya daina ba da wuta, ko bel ya tsinke, kuma yanzu ne da gaske fitila ke shan batir. A irin wannan halin a kashe rediyo da na'urar sanyi, a bar fitila, a nemi wuri mafi kusa a tsaya.

A shagon kayan gyara a ci gaba da cewa altaneta don kada a ba ka abin da ba shi ba. A rubutu, da rediyo, da makarantun koyon tuƙi, da bakin tasha, ina roƙon mu riƙa cewa janaretan mota: janaretan motata ya daina caji, a duba bel ɗin janareta. 'Yan'uwa na Maraɗi da Damagaram, ku gaya mana yadda makanikanku ke kiransa, ko akwai wadda ta fi wannan a wajenku.