Takalmin hawan Duwatsun Shere a hunturu: abin da aka faɗa

Jama'a, maganar da aka yi kan takalmin da ya dace da hawan Duwatsun Shere, kusa da Jos, a hunturu ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. An haɗu a kan cewa silifas da takalmi mai sulɓin ƙasa ba na dutse ba ne. Takalmin but mai kaurin ƙasa, wanda ya rufe idon sawu, shi ake so.

2. A ƙara lamba ɗaya a kan wadda aka saba, saboda safa mai kauri. Matsattsen takalmi yana hana jini gudana, yatsu su sandare. Safar ulu ta fi. Ta auduga tana riƙe gumi, sai ta huce a ƙafa. Kololuwar Shere ta haura mita 1,800, sanyin asubar Janairu a can kuwa ba wasa.

3. An rabu a kan gwanjo. Wasu sun ce na kasuwar Katako da ke Jos ya wadatar, wasu sun ce ƙasansa kan ɓare a tsakiyar hanya. Ni dai na farkon suka fi gamsar da ni, muddin an lanƙwasa shi an duba ɗinki.

4. Sabo? A taka shi kwanaki a gari tukuna.