Allurar adinosin: wai kashe zuciya take yi ta sake kunna ta?

Nura Lab: Slm jama'a. Wai ashe akwai allurar da ake yi wa mutum ta jijiya zuciyarsa ta tsaya cak, ya mutu na wasu sakanni, sannan ta dawo tana bugawa daidai? Adinosin sunanta. Wanda ya ba ni labari ya ce kamar ka kashe waya ne in ta maƙale ka sake kunnawa, har layin monita miƙewa yake yi. Ni dai na ce wannan ganganci ne, in ta ƙi tashi fa wa za a kama?

Ummi: Wslm Yaya Nura, wlh gaskiya ne, a fostin ɗinmu na emajensi na gani da idona. Wata mata ce aka kawo bugunta 190 a minti, ana tura allurar sai ta riƙe ƙirji ta ce wayyo zan mutu, fuskarta ta jiƙe da gumi, layin ya kwanta, ni kaina sai da na fara salati, can sai ga bugu ɗaya, wani ya biyo, kafin ka ce kwabo ya koma 90 tana tambayar ina mayafinta.

Sista Hajara: Ummi 'yata kin ga abin amma ba ki karanta takardar ECG ɗin ba, wato zanen wutar zuciya da na'ura ke fitarwa. Babu wanda ya mutu. Ku daina faɗar wannan maganar gaban marasa lafiya don Allah, sai ka zo da allura mutum ya ce shi a'a, ya ji ana cewa kashe mutum take yi.

Nura Lab: To Anty in zuciya ta daina turo jini me ya rage? Ummi ta ce layi ya kwanta.

Dr. Bash: Bari in shigo. Nura kana da rabin gaskiya, kuma rabin da ka rasa shi ne mai muhimmancin. Wutar lantarkin da ke sa zuciya bugawa tana tashi ne daga wani ɗan tarin ƙwayoyi da ake kira kullin SA a ɗakin sama na dama na zuciya, sau 60 zuwa 100 a minti, ta bazu a ɗakunan sama biyu, amma ba ta da hanyar sauka ɗakunan ƙasa, waɗanda su ne ke turo jinin, sai ta kullin AV, wata 'yar mashiga da ke tsakanin sama da ƙasa. Ciwon da ake yi wa allurar shi ne SVT, wato bugun zuciya mai tsananin sauri da ke tasowa daga saman ɗakunan ƙasa. A cikin irin da muka fi gani, kullin AV ɗin nan yana da hanya biyu, mai sauri da mai jinkiri, sai wutar ta sauka ta ɗaya ta hau ta ɗayar ta yi ta zagaye ba tsayawa, kowane zagaye bugu ɗaya ne, shi ya sa za ka ga 150 har zuwa 250. Abin da adinosin ke yi shi ne ta kama risefta A1, wato wurin da take maƙalewa a jikin ƙwayoyin kullin AV, ƙofofin potasiyam su buɗe ya fita waje, cikin ƙwayar ya ƙara yin nisa da matakin da zai iya tayar da wuta, kuma ta rage shigar kalsiyam wanda da shi kullin ke miƙa wuta. Sai hanyar ta toshe na 'yan sakanni. Wutar da ke zagaye ta iso ta tarar ba wurin bi, ta mutu a nan. Shi ke nan fa. Kullin SA ya karɓi ragamarsa.

Nura Lab: Likita ai ka ƙara min ƙarfi ne. Hanya ta toshe, ɗakunan ƙasa ba su samu wuta ba, ba su matse ba, jini bai fita ba. Tsayawa ke nan.

Dr. Bash: Eh ɗakunan ƙasa sukan yi shiru na 'yan sakanni, ban musa ba, in ka taɓa wuyan mutum a lokacin ba za ka ji bugu ba. Amma tsokar zuciyar kanta allurar ba ta taɓa ƙarfinta ba, tana nan a shirye jira take a aiko mata. Kuma in ka duba takardar da kyau sau da yawa za ka ga ƙananan tudun P, alamar wutar ɗakunan sama, suna tafiya a kan layin da Ummi ta ce ya kwanta, wato sama na aiki, saƙon ne bai sauka ba. Mutumin idonsa biyu, yana jin ka, yana ma yi maka ƙorafi. Ƙwaƙwalwa sai ta yi mintuna babu jini kafin ta fara lalacewa, mu kuma sakanni muke magana.

Malam Sani Famasi: Ranka ya daɗe ka bar min ɓangarena. Tambayar Nura ta "in ta ƙi tashi fa" amsarta tana cikin yadda jiki ke cinye maganin. Adinosin ba baƙuwa ba ce, jikinka yana yin ta kullum daga rushewar ATP, sinadarin da ke ba ƙwayoyin jiki kuzari, don haka yana da hanyar kwashe ta a shirye. Jajayen ƙwayoyin jini da fatar cikin jijiyoyi su ke zuƙe ta, a mayar da ita wasu sinadarai, inosin ko AMP. Ƙasa da sakan 10 rabinta ya tafi. Ba ruwanta da hanta ba ruwanta da ƙoda, shi ya sa mai ciwon ƙoda ma ba a rage masa. Toshewar ba za ta daɗe ba saboda maganin da ya kawo ta ya riga ya ƙare.

Sista Hajara: Wannan gajeren ran nata shi ne wahalarmu mu masu turawa ai. In kika sa kanula a bayan hannu kika tura a hankali kamar kina ba da antibayotik, kin zubar da kuɗin mutane, kafin ta kai zuciya jini ya cinye ta. Babbar jijiya ta gwiwar hannu ake nema, 6 mg a sakan ɗaya zuwa biyu, nan take ki bi ta da 20 mL na salin, ruwan gishirin da ake ƙarin ruwa da shi, da ƙarfi, a ɗaga hannun sama. Ni na fi so mu zama biyu, ɗaya da sirinjin magani ɗaya da na ruwa, takardar ECG tana fita tun kafin a tura. In minti ɗaya zuwa biyu ba canji sai 12 mg. Kuma Ummi ki riƙe wannan, kafin ki tura ki gaya wa mutum zai ji zafi a fuska, ƙirji zai yi nauyi, numfashi zai yi kamar ya ɗauke, zai ji kamar ajali ne ya zo, amma kafin ya ƙirga ashirin ya wuce. Wanda aka gaya wa da wanda ba a gaya wa ba, bambancinsu a fili yake.

Ummi: To Anty na riƙe. Amma me ya sa suke jin kamar za su mutu in ba wani abu ke faruwa ba?

Dr. Bash: Abu na faruwa mana. Risefta ɗin adinosin ba a zuciya kaɗai suke ba. Na jikin jijiyoyin jini su ke buɗe jijiyar, shi ne zafin fuska da ciwon kai, tana kuma tsokanar jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo da na ƙarancin numfashi, ga bugu daga 190 ya koma shiru lokaci ɗaya. Dole mutum ya firgita.

Abba Tiyata: Ni fa ina bayan Nura, kuna ta lallaɓa maganar ne kawai. Likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa suna amfani da adinosin mai yawa da gangan don zuciya ta dakata, hawan jini ya faɗi, su samu damar matse jijiyar da ta kumbura a kai kafin ta fashe musu. In ba tsayar da zuciya take yi ba me ya kai su gare ta?

Dr. Bash: Abba wannan gaskiya ne ana yi, amma dubi me ya sa suka zaɓe ta ita ba wani magani ba: saboda sun san da kanta za ta sake. Hujjarka tawa ce.

Abba Tiyata: Haba Likita, kowa ya kawo hujja sai ka ce taka ce 😂 Ni dai abin da na sani ba a yin ta sai da na'urar shokin a gefe. In ba haɗari me na'urar ke yi a wurin?

Dr. Bash: Yauwa, nan ne ya kamata ku ji tsoro, ba wancan shirun ba. Mai asma tana iya shaƙe masa hanyoyin numfashi. Wanda dama kullin AV ɗinsa na da toshewa mataki na biyu ko na uku, ko kullin SA ɗinsa ba lafiya kuma ba shi da batirin zuciya, shi ne shirunsa zai iya yin tsawo. Wanda aka yi wa dashen zuciya tana kama shi da ƙarfi sosai, ana farawa da 3 mg, haka ma in ta babban layin wuya za a tura. Mafi muni kuma shi ne mai WPW, wanda aka haifa da ƙarin hanya ta gefe tsakanin sama da ƙasa, in ɗakunan samansa suka shiga karkarwa ka zo ka toshe kullin AV, duk wutar sai ta kwarara ta hanyar gefen wadda ba ta da birki, ɗakunan ƙasa su ma su shiga karkarwa. Wannan kam mutuwa ce ta gaske in ba a yi shokin ba. Shi ya sa in bugun ba a jere yake ba kuma layin ya yi faɗi, hannunka ya nisanci adinosin.

Nura Lab: To ashe dai tana kisa.

Sista Hajara: In aka ba wanda bai dace ba. Ba irin kisan da ka zo da shi da safe ba.

Malam Sani Famasi: Wani abin da ba ku taɓo ba kuma ya shafe mu kai tsaye: goro. Kafeyin da ke cikin goro da shayi da Nescafe a kan risefta ɗin adinosin yake zama ya hana ta kamawa, dalilin da ya sa yake kore barci ma ke nan, don adinosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa da rana tana cikin abin da ke kawo gyangyaɗi. Dattijon da ya wuni yana tauna goro, ko direban da ya sha kofi mai kauri a wurin mai shayi, 6 mg na iya wucewa kamar ba a yi ba. Haka mai shan tiyofilin ko wanda aka ɗaura wa aminofilin, magungunan asma. Difiridamol kuma, maganin hana jini daskarewa, akasin haka yake, yana hana ƙwayoyin jini zuƙe ta sai ƙarfinta ya ninka.

Abba Tiyata: Malam Sani wannan ta goro kamar ka ƙara gishiri. Na ga masu cin goro da 6 mg ta yi musu aiki.

Malam Sani Famasi: Ai ban ce ba ta aiki ba Abba, gasa suke yi a kan risefta ɗaya, wanda ya fi yawa a lokacin shi ke ci. Ya danganta da yawan abin da ya ci da kuma yaushe. Tambaya ɗaya ce, Baba ka ci goro yau? Ba ta cin kuɗi. Sannan don Allah a daina sa ta a firij, sanyi na sa ta yi ƙanƙara-ƙanƙara a cikin kwalba, a kabad ake ajiye ta.

Ummi: Malam wai sabon magani ne? Ban taɓa jin sunanta ba sai bana.

Malam Sani Famasi: Ina fa. Tun 1929 Drury da Szent-Györgyi suka nuna a Kambirij ta Ingila cewa tana rage bugun zuciyar dabbobi, shi na biyun shi ne ya ci kyautar Nobel a 1937 kan aikinsa na bitamin C. Amma sai 1989 hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita don SVT. Kafin nan berapamil, wani maganin rage gudun zuciya, ake ji da shi.

Sista Hajara: Har yanzu ma a wurare da yawa berapamil ɗin ne a hannu, adinosin sai ka aika 'yan uwan mara lafiya su zaga gari, su dawo bayan awa biyu da kwalba ɗaya, in ba ta yi ba babu ta biyu.

Dr. Bash: Shi ya sa kafin kowace allura nake sa a gwada sirinji. Ka ba mutum sirinjin 10 mL ya hura da ƙarfi kamar zai tura sandar na sakan 15 yana zaune a jingine, sai nan take a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa sama na wasu sakan 15. A gwajin REVERT da aka buga a 2015, kashi 43 cikin 100 sun dawo daidai da wannan salon, tsohon salon na hurawa kawai kashi 17. Jijiyar bagus, mai kai wa zuciya saƙon rage gudu daga ƙwaƙwalwa, ita ce ke aikin, kuma a kullin AV ɗin nan dai take rage gudu.

Abba Tiyata: To ni in an bar ni da zaɓi berapamil zan ce a yi min. A hankali ake tura shi, ba wannan jin ana zare maka rai, kuma mugun bugun ba ya saurin dawowa.

Dr. Bash: Ga wanda hawan jininsa ke tsaye kuma ka tabbata SVT ce, ba zan yi musu da kai ba, suna kusa da juna a nasara. Amma berapamil in ya shiga sai ya yi awanni, in ya kayar da hawan jini ko ashe bugun daga ɗakunan ƙasa yake fitowa, kai da mara lafiya kun shiga uku. Ba a ba jarirai shi, ba a ba mai raunin zuciya, ba a haɗa shi da wanda aka yi wa allurar bita-buloka, wani rukunin maganin rage bugun zuciya. Mai ciki kuma adinosin ake fara ba ta.

Nura Lab: Na ji duk bayananku, amma ni har gobe in ɗakunan ƙasa sun yi shiru to zuciya ta tsaya, ko sakan uku ne.

Sista Hajara: Ka riƙe ra'ayinka a lab Nura, kar dai in ji shi a bakin gadon mara lafiyata. Malam Sani kwalba nawa suka rage a kabad ɗin emajensi? Ni ce da dare yau.

Malam Sani Famasi: Uku Anty, 6 mg kowace. In kin buɗe ki rubuta min a littafi.