Wanda ya taɓa zama da saikolojis a Accra ya ba mu labari

Wata 'yar uwa, Nima: Salamu alaikum jama'a. Ƙanina ne, tun da aikinsa ya tsaya ba barci ba cin abinci, ko masallaci sai an ja shi. An yi ruƙya an sha rubutu, nas ɗin unguwarmu ta ce mu kai shi wurin saikolojis, wato masanin halayyar ɗan adam, amma Mma ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne da za a kai asibitin masu taɓin hankali na Pantang. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana me ake yi a can.

Direban trotro, Maamobi: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba shi lafiya. Ni ina Circle, babbar mahaɗar nan ta tsakiyar Accra, daren 3 ga Yuni 2015 da ruwa ya ci gari gidan mai ya kama wuta, Allah ya fid da ni amma abin da idona ya gani bai bar ni ba. Hadari na haɗuwa sai gabana ya hau faɗuwa, warin fetur ma sai na ji numfashi na ɗauke, ga shi tuƙi ne sana'ata, har na daina ɗaukar fasinjan hanyar. Matar da na je wurinta ko kwaya ɗaya ba ta ba ni ba. Zaman farko tambaya ce kawai, barci, ci, iyali, kuma ta ce maganar ba ta fita daga ɗakin sai idan rai na cikin haɗari. Daga baya ta sa ni rubuta tunanin da ke zuwa min in hadari ya taso, mu zauna mu duba wanne ne gaskiya wanne ne tsoro ke faɗa min. Sai koyon jan numfashi a hankali. Sannan komawa Circle kaɗan kaɗan, farko da rana ina tare da yayana, daga baya ni kaɗai, wallahi da wuya amma yanzu ina bin hanyar ko da damina. Kuma ba ta taɓa cewa in bar addu'a ba, ita ce ma ta ce in riƙe zikirina na asuba tun da yana kwantar min da hankali.

Maman yara, Madina: Mu gwaji aka yi wa ɗana saboda malamai na ta cewa daƙiƙi ne alhali a Islamiyya ya haddace izu biyu. An ba shi ƴan katakai masu launi ya jera yadda yake a hoto, a karanto lambobi ya maimaita daga baya zuwa gaba, ni ma an yi min tambayoyi tun daga goyon cikinsa. Rahoton ya nuna kansa lafiya lau, haruffa ne ke rikice masa wajen karatu. Abin da ya dame ni, da Turanci aka yi komai, yaron da ya tashi da Hausa da Twi. Sai da na yi magana aka rubuta hakan a rahoton. Ku tambayi harshen da za a yi amfani da shi tun kafin ku biya kuɗi.

Ɗan kasuwa, Fadama: Ni wurin koci mai ba da shawarar sana'a na je kan shagona, tsara buri da lokaci ne, ya taimaka. Amma ƙaninki ba koci yake buƙata ba Anti. Kuma ku nemi ganin lasisin Ghana Psychology Council, hukumar da ke kula da aikin saikolojis, dokar 2013 ce ta kafa ta, don masu kiran kansu ƙwararrun masu ba da shawara sun yi yawa a Facebook.

Nas, Sabon Zongo: 'Yata, saikolojis da magana yake aiki, likitan ƙwaƙwalwa shi ke rubuta magani, wani lokaci ana haɗa biyun. In ya taɓa ambatar kashe kansa kada ku jira, ku kai shi asibiti a ranar, tun 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga laifukan da ake kama mutum a kai. Mma kuma kar ki yi musu da ita, ki samu limaminku ko kawunku su yi mata magana, ki ce mata babban asibitin Korle Bu za ku fara zuwa kuma tana iya raka shi.

Wata 'yar uwa, Nima: Na gode Inna, Allah ya saka muku. Gobe bayan la'asar zan je wurin kawu. Yaya direba, namiji ya fi dacewa da shi ko mace ma ba komai? Yana da kunya sosai.